Abin da Rajista Ba Ta Gani Ba

A sana'armu ta kula da kwamfutocin makarantu da ƙananan ma'aikatu, akwai alamomi biyu da yaro yake fara koyon bambancewa tun kafin ya iya wani abin kirki. Ɗaya alamar dala ce, $. Ɗayar kuma ita ce #, wadda kuke rufe lamba da ita a waya in za ku duba ragowar kati. Idan mutum ya buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni a ciki, wadda muke kira shel, ya tarar da $ tana jiransa a ƙarshen layi, to shi talaka ne a cikin na'urar. Yana da ɗakinsa, yana da 'yan fayilolinsa, in ya miƙa hannu kan kayan wani sai a ce masa ba shi da izini. In kuwa # ya tarar, ya zama root ke nan.

Root shi ne sunan mai cikakken iko a babbar manhajar Linux da danginta. Kowane mai amfani da na'urar yana da lambarsa, ta root ita ce 0, kuma mai wannan lamba ba a yi masa tambaya. In ya ce a karanta wasiƙar wani, an karanta. In ya ce a goge, an goge, babu kwandon shara da za a koma a tsinto. Masu gyaran waya da suke cewa za su yi wa Android ɗinka root, wannan sunan suke nufi, domin a kan Linux aka gina Android.

Mu huɗu ne a shagonmu, ban da ɗaliban da ake turo mana duk shekara don sanin makamar aiki. Yawancin aikinmu a kan uwar garke ne, wato kwamfutar nan da ake ajiyewa a lungun ofis ba a kashe ta, wadda take riƙe da sakamakon jarrabawa ko lissafin albashi ko ƙididdigar kayan shago, sauran kwamfutocin suna ɗiba daga gare ta. Rabin aikin uwar garke kuwa gyaran rubutu ne. Wanda bai sani ba zai ɗauka wayoyi muke kwancewa dare da rana, alhali zama muke mu buɗe wani ɗan fayil, mu canza kalma ɗaya a layi na arba'in, mu adana. A Linux kusan duk tsarin na'ura a rubuce yake cikin irin waɗannan fayiloli, galibi a wata jaka mai suna /etc, kuma root kaɗai ke da ikon taɓa su. Aikin ƙarami ne, yaro ma zai iya, amma ikon da yake buƙata na sarki ne.

Maganin da aka samo wa wannan ya girmi yawancin masu karanta mu. Wajen shekarar 1980, wasu mutum biyu a sashen kwamfuta na jami'ar jihar New York da ke Buffalo a Amurka, Bob Coggeshall da Cliff Spencer, suka rubuta wata 'yar manhaja mai suna sudo. Tun cikin shekarun 1990 kuma Todd Miller ne yake rainonta. Dabararta mai sauƙi ce. Maimakon a raba wa mutum biyar kalmar sirrin root, kowa ya riƙe tasa. In yana son yin aikin manya sai ya rubuta sudo a gaban umarnin, ya shigar da kalmar sirrinsa ta kansa, manhajar ta duba wani fayil da ake kira sudoers ta ga ko an yarje masa wannan umarnin. In an yarje, ta aiwatar da sunan root, daga nan iko ya koma inda ya fito. Ranar da mutum ya fara amfani da ita har 'yar nasiha take yi masa a kan mutunta sirrin mutane da yin tunani kafin a danna. Abin da ya fi mana komai kuwa shi ne tana rubutawa. Duk umarnin da ya bi ta hannunta sai ta shigar da shi rajista: wane ne, ƙarfe nawa, daga wace jaka, me ya ce a yi.

Duk ɗalibin da ya zo mana, a makonsa na biyu muna zaunar da shi gaban wata tsohuwar kwamfuta da muka ware don gwaji, wadda ko ta ƙone babu mai yin asara. Mu nuna masa layi ɗaya a cikin sudoers, wanda ya ce an yarje masa ya buɗe fayil guda, /etc/hosts, da manhajar rubutu ta Vim. Sai mu tambaye shi me muka ba shi. Amsar kullum ɗaya ce, izinin gyara fayil ɗaya. Mu ce to buɗe. Ya rubuta sudo vim /etc/hosts, fayil ya bayyana. Mu ce ya danna Esc, ya rubuta :sh, ya danna Enter. Rubutun ya ɓace, baƙar taga ta dawo, amma yanzu # ce a ƙarshen layi. Mu ce ya tambayi na'urar ko shi wane ne, da umarnin whoami. Ta amsa masa da kalma ɗaya, root.

Ba a fasa komai ba, ba a saci kalmar sirrin kowa ba. Samari yawanci dariya suke yi, wani har ya ɗauki hoton allon da wayarsa don ya nuna wa abokai. Wata ɗaliba kuwa janye hannunta ta yi daga kibod kamar ta taɓa tukunya mai zafi, ta ce, "Oga, ni fa ban yi komai ba." A ganinmu ita ce ta fi kowa saurin gane inda haɗarin yake.

Dalilin abin gado ne. A Linux, duk manhajar da ta tayar da wata manhaja, matsayinta take gadar mata. Sudo a bakin ƙofa kawai take tsayawa: ta duba sunanka, ta duba umarninka, ta tayar da Vim a matsayin root, ta koma gefe. Daga nan Vim root ce, kuma duk abin da Vim ta haifa root ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba ma sai an buɗe shel ba. Wanda yake cikin wannan Vim zai iya rubuta :e ya bi shi da sunan kowane fayil a na'urar, har wanda ake ajiye kalmomin sirrin jama'a a ciki, ya buɗe ya gyara. Sunan fayil ɗin da aka rubuta a sudoers bai ɗaure komai ba sai umarnin farko.

Babu wani mugu da ya haƙa wannan rami. Hasali ma alheri ne aka yi wa mutane. Tun manhajar rubutu ta farko a Unix, ed, wadda Ken Thompson ya rubuta a ɗakunan bincike na Bell, akwai alamar ! da ke ba mutum damar aika umarni waje ba tare da ya bar rubutunsa ba. Da Bill Joy ya rubuta vi a Berkeley a 1976, ya taho da ita. A wancan zamani allo ɗaya ne a gabanka, babu tagogi goma da za ka riƙa tsalle a tsakaninsu, layin sadarwa kuma yana tafiyar hawainiya. Mutumin da yake rubuta manhaja yana son ya gwada ta, ya ga inda ta karye, ya dawo kan layin da yake, ba tare da ya rufe komai ba. Wannan ƙofa ta rigayi sudo zuwa duniya da shekaru. Da Bram Moolenaar, mutumin Holan da ya rasu a Agustan 2023, ya fitar da Vim a 1991, bai ga dalilin toshe ta ba, mu ma da muke cin moriyarta kullum ba za mu so ya toshe ba. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan biyu daidai yake a karan kansa. Haɗa su ne yake buɗe gida.

Kada mai karatu ya ɗauka Vim ce kaɗai. Nano, wadda ake ba sabon shiga saboda sauƙinta, tana da hanyar aiwatar da umarni daga ciki. Manhajar less, wadda aikinta nuna rubutu ne kawai ba gyarawa ba, ita ma tana jin alamar !. Masu Windows ma ba su tsira ba: in ka buɗe Notepad da ikon admin, ka je wurin buɗe fayil, ka shiga jakar System32, ka ce a nuna maka kowane irin fayil, ka danna dama a kan cmd.exe ka buɗe shi, tagar umarnin da za ta fito da ikon admin za ta fito, domin ita ma 'yar Notepad ɗin ce.

Sau da yawa in ana bayanin wannan, a kan ɓarawo ake tsayawa, wai ga yadda ɗan kutse zai haye daga ƙaramin asusu zuwa babba. Gaskiya ne, kuma masu gwajin tsaro suna duba wannan ƙofar tun da farko. Amma a irin wuraren da muke aiki, inda ma'aikata huɗu ko biyar ne suka san juna, suna sallah sahu ɗaya, suna cin abinci kwano ɗaya, ba ɓarawo ne ya fi damunmu ba. Rajista ce. Lokacin da ɗalibin nan ya buɗe shel daga cikin Vim, abin da rajistar sudo ta rubuta layi ɗaya ne: wane ya buɗe /etc/hosts da Vim, ƙarfe kaza. Ko umarni ɗari ya rubuta bayan nan, ba ta gansu ba. A takarda dai mutum ne mai gyaran rubutu.

Mun ga abin da wannan yake haifarwa a wata makaranta mai zaman kanta da aka kira mu bayan ɓarna ta riga ta auku. Ƙarshen zangon karatu ne, malamai sun gama shigar da maki, saura kwana uku a raba sakamako, sai aka wayi gari jakar da ke riƙe da bayanan babu ita. Wanda ya girka musu uwar garken tun da farko ya daɗe da barin gari. Da muka duba sudoers sai muka tarar da irin layin nan, an yarje wa mutum biyu su gyara fayil ɗin tsarin manhajar sakamako da Vim: malamin kwamfuta na makarantar, dattijo mai shekara fiye da goma a wurin, ɗan'uwan mai makaranta ta wajen aure, da kuma wani ɗan bautar ƙasa da aka haɗa shi da shi don ya taimaka.

Rajista ta nuna mana abin da za ta iya. Malamin ya buɗe fayil ɗin da safe, bai rufe ba sai bayan la'asar. Ɗan bautar ƙasar ya buɗe shi wajen azahar, ya rufe bayan kamar rabin awa. Lokacin da jakar ta ɓace ya faɗo a cikin wannan rabin awa, wato lokacin da dukansu biyu suke da Vim a buɗe da ikon root. A fayil ɗin da shel ke ajiye tarihin umarnin root mun ga umarnin gogewar ƙarara, tare da wasu umarni na duba cikar faifai a gabansa. Daga nan muka fahimci cewa faifan ne ya cika, wani ya so ya samar da wuri, ya goge abin da ya zaci tsohon tarkace ne. Babu mugun nufi a ciki ko kaɗan. Amma wannan fayil na tarihi, yadda yake zuwa, ba ya rubuta lokaci, ba ya rubuta suna. Root ne ya yi, root kuwa kowa ne.

Muka faɗa wa mai makaranta gaskiya, cewa na'urar ba za ta iya nuna ko wane ne a cikin biyun ba. Ya ce, "Ai ba sai kwamfuta ta faɗa ba, mun san wanda bai ƙware ba." Babbanmu ya ce, "Yallaɓai, abin da muka gani bai nuna haka ba, bai kuma nuna akasin haka ba." Ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke hukunci. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Ya ce shi layi ɗaya ya gyara ya fita. Ba shi da abin da zai nuna. Ba zai kuma iya buɗe baki ya ce a tambayi Malam ba, don a wurinmu yaro ba ya nuna babba da yatsa a gaban mai gida, ko da yana da tabbas. Mun ji daga baya cewa an ƙi sa masa hannu a takardar wata-wata da yake kaiwa kafin a biya shi alawus, har sai da ya nemi sauyin wurin aiki. Sakamakon kuwa mun dawo da shi daga wani kwafi mai mako uku, malamai suka kwana biyu suna sake shigar da sauran daga takardun amsa.

Ba muna cewa malamin ne ya yi ba. Mai yiwuwa yaron ne, sabon shiga yana irin wannan. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne ba a gano ba, amma an hukunta, kuma tun kafin mu buɗe na'urar kowa a wurin ya san a kan wa hukuncin zai faɗo. Inda babu shaida, laifi gangarowa yake har ya iso kan wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ɗakin. Mutane suna ɗaukar rajista a matsayin idon oga a kan yara. Mu abin da muka gani, oga ba ya buƙatarta, maganarsa ta ishe shi. Yaron ne ba shi da wani mai tsaya masa sai ita.

Hanyar toshe wannan ƙofa ba ɓoyayya ba ce, littafin jagorar sudoers kansa yana da sashe guda a kanta. Mafi sauƙi ita ce sudoedit. Maimakon a tayar da Vim da ikon root, sai sudo ta kwafi fayil ɗin zuwa wurin wucin gadi, ta miƙa maka kwafin a matsayinka na talaka, ka gyara da duk manhajar da ka ga dama, in ka rufe ta ɗauki kwafin ta mayar da shi mazauninsa. Rubuta :sh a ciki ka gani, $ za ka tarar, kai ne dai a ɗakinka. Akwai kuma alamar NOEXEC da ake maƙala wa layi a sudoers don a hana manhajar haihuwar wata, sai dai ba ta hana :e ba, don haka ba mu cika dogara da ita wajen manhajar rubutu ba. Tsofaffin hannu kuma suna da wata dabara in sun buɗe fayil a matsayin talaka suka gama gyara sannan suka tuna ba su da ikon adanawa: su rubuta :w !sudo tee % su danna Enter. Ita ma ta ƙofar ! ta bi, amma Vim ba ta zama root ba, ƙaramin umarni ɗaya ne aka ara wa iko, kuma ya shiga rajista da sunan mai shi.

Da sauƙi a rubuta wannan. Wahalar tana wajen faɗa wa mutum. Ka je wa dattijon da ya shekara goma yana riƙe da na'ura ka ce daga yau an rage masa iko, abin da zai ji shi ne ba a yarda da shi ba. Kuma a shagonmu aka fara wannan gardama, ba a wajen abokan ciniki ba.

Babbanmu mutumin Emacs ne, tun kafin wasunmu su san kwamfuta. Yadda yake aiki abin kallo ne. Zai buɗe fayil ta hanyar Tramp, wato ya rubuta /sudo:: a gaban sunan fayil ɗin, sannan daga wannan shafin ya kira M-x shell, sai ga shel na root ya buɗe a rabin allo, fayil yana ɗaya rabin. Ya gyara a sama, ya sake tayar da manhaja a ƙasa, ya karanta kuskuren da ta fitar, ya kwafo shi, ya koma sama, hannunsa bai bar kibod ba. Da ƙaraminmu ya kawo shawarar kowa ya koma sudoedit da umarni ɗai-ɗai, sai ya ce, "Kai yaro, ka taɓa gyara uwar garke ƙarfe sha ɗayan dare, an ɗauke wuta, batirin inbata yana kuka, kana da minti goma? A lokacin ne zan tsaya ina rubuta sudo a gaban kowane layi?" Ya ƙara da cewa shi dama cikakken iko gare shi, babu ƙofar da yake satar shiga. Kuma hanyarsa ta fi ta Vim gaskiya, domin abin da rajista take rubutawa in Tramp ta tashi shi ne wane ya buɗe shel a matsayin root, ba ta fake da sunan gyaran fayil ba.

Duk abin da ya faɗa haka yake. Wanda bai taɓa jin kukan inbata yana tsakiyar aiki ba shi ne zai raina hujjarsa. Ƙaraminmu bai musa ko ɗaya ba. Cewa ya yi, "Yaya, ba don kai ba ne. Ranar da wani abu ya ɓace a na'urar da ni da kai muka taɓa, rajista za ta ce ka buɗe shel, ta ce na buɗe fayil, ta yi shiru. Kai ba za ka ɗora mini ba, na sani. Amma mai wurin fa?" Ba a ƙara magana a ranar ba.

Mun kai kusan wata biyu a haka, kowa yana yin yadda ya saba. Abin da ya warware ta ba hujja ba ce, wani saiti ne da sudo take da shi wanda ba mu taɓa kunnawa ba saboda ba mu ga buƙata ba. Ana iya sa ta naɗe duk abin da ya bayyana a allo a lokacin da mutum yake cikin ikon root, a dawo a kalle shi kamar bidiyo da umarnin sudoreplay. Daga fitowa ta 1.9.8 a 2021 kuma an ƙara mata ikon rubuta umarnin da aka tayar daga cikin shel ko manhajar rubutu, kowanne da sunan wanda ya buɗe ƙofar tun farko. Ma'ana babbanmu ya ci gaba da Emacs ɗinsa da rabin allonsa, amma abin da ya yi a ciki ba ya ɓacewa. Shi da kansa ya ce in za a kunna, a fara da asusunsa, kada ɗalibai su ga kamar don su aka yi. Ranar da ya fara kallon naɗin aikinsa, ƙorafinsa ɗaya ne, wai bai san yana yawan kuskuren haruffa haka ba.

Ba mu yaudari kanmu cewa an gama ba. Root zai iya goge rajistar da take cikin na'urarsa, shi ya sa a inda abokin ciniki yake da kwamfuta ta biyu muke tura kwafin rajistar can nan take. Akwai kuma fayilolin da ba wa mutum izinin gyara su daidai yake da ba shi root gaba ɗaya, ko da ta sudoedit ne, kamar sudoers ɗin kansa, ko jadawalin ayyukan da na'ura ke aiwatarwa da sunan root. Sudoedit ɗin ma ba daga sama ta faɗo ba. A Janairun 2023 masu bincike na kamfanin Synacktiv a Faransa suka bayyana cewa wanda aka yarje wa fayil ɗaya zai iya cusa sunan wani fayil ta cikin saitin da ake zaɓar manhajar rubutu da shi, ya gyara abin da ba a ba shi ba. An toshe a fitowa ta 1.9.12p2. Mun yi mako guda muna zagaya na'urorin da ke hannunmu muna sabuntawa, wasu a kan babur, don ba duka ne ake iya shiga daga nesa ba.

Wajen abokan ciniki mun koyi yadda ake shigar da maganar. Ba ma cewa za mu rage wa Malam iko. Cewa muke za mu sa na'urar ta riƙa wanke wanda bai yi laifi ba, kuma muna farawa da nuna musu cewa asusunmu ma a ƙarƙashin wannan tsari yake. Yawancinsu suna yarda. Wasu manyan ma har sun fi yaran murna, domin su ma sun san akwai ranar da za a ce ai kai ne mai makulli.

Waccan makarantar dai ba ta yarda ba. Malamin ya ce shekara goma yana aiki da Vim ɗinsa ba a taɓa bin sawunsa ba, mai makaranta kuma ya ce a bar kaza cikin gashinta. Muka rubuta shawararmu a littafin aiki, aka sa mana hannu cewa an gani, muka kafa musu kwafin ajiya na kullum dare, wanda shi sun amince. Da aka turo musu sabuwar 'yar bautar ƙasa, mun yi amfani da ranar da muka je duba kwafin muka ja ta gefe. Muka roƙi a canza layin asusunta kaɗai zuwa sudoedit, aka ce wannan babu damuwa tunda ita ce. Ta tambaye mu ko hakan yana nufin akwai abin da ba za ta iya yi ba. Muka ce ƙwarai, da yawa ma, in faifai ya cika ba za ta iya goge ko fayil ɗaya ba, sai dai ta je ta kira Malam. Ta rubuta umarnin a bayan littafinta, ta gwada :sh sau biyu a gabanmu, duka biyun $ ce ta fito.